Ina cin fiziks amma zuciyata ba ta kansa, wane kwas zan cike a JAMB?

Ummi_Fta:
Assalamu alaikum yayyena da iyayena, don Allah shawara nake nema kuma ina so a gaya min gaskiya ko da ba za ta yi min daɗi ba. Na gama sakandare, WAEC ta fito na samu A1 a fiziks, B2 a lissafi, kemistiri B3, bayoloji C4, Turanci C5. Tun SS1 ni ce ta ɗaya a fiziks a ajinmu, kuma ba wai ina kwana kan littafi ba ne, in malam ya yi bayani sau ɗaya sai kawai abin ya zauna min, in na ga tambaya sai in gane fomular da ake nema tun ban gama karantawa ba.

Matsalar ita ce ba na son shi. Ba tsanarsa nake yi ba fa, kawai dai ba na jin komai a kansa, in na ci tambaya babu wani daɗi da nake ji, in aka yi hutu ko tunawa da shi ba na yi. Ina da ƙawa wadda na fi ta maki amma ita in aka fara zancen taurari ko yadda walƙiya ke faruwa ba ta gajiya, datarta duk a YouTube take ƙarewa wajen kallon irin waɗannan abubuwan, to ita na san son abin take yi, ni kuwa iyawa ce kawai.

Yanzu gida an kasu uku. Baba ya ce injiniyan lantarki zan karanta, malaminmu na fiziks har gida ya zo ya ce asara ce in ban karanta fiziks ɗin kansa ba, Umma kuma ta ce mace fannin lafiya ya fi mata. Rajistar JAMB na matsowa ni kuma har yanzu ban san me zan cike ba, tsorona kar in shiga abin da zan yi shekara biyar ina jan ƙafa sannan in fito in yi ta aikin da ba na so har tsufa. Waɗanda suka bi ta wannan hanyar don Allah ku ce wani abu.

Injiniya_Kd:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Da farko ki gode wa Allah, abin da kike kira iyawa kawai ɗin nan shi wasu ke biyan kuɗin lesin shekara da shekaru suna nema ba su samu ba.

Ni lantarki na karanta, kuma gaskiya ban shiga da wata soyayya ba, na shiga ne saboda ina cin lissafi kuma an ce akwai aiki. Abin da nake so ki gane shi ne darasin aji daban, aikin da ake yi kullum daban. Ke yanzu fiziks ɗin takarda kika sani, a ba ki lambobi uku a ce ki nemo na huɗu, to wa zai so wannan har ransa? A wajen aiki ba haka abin yake ba. Bari in ba ki misali da sola tunda shi na fi yi yanzu, don tun da aka cire tallafin mai a 2023 janareta ya fi ƙarfin masu ƙananan shaguna kowa ya koma neman sola. Mai shagon sayar da ruwan sanyi zai zo ya ce yana so firizarsa biyu su kwana suna aiki, ga kuɗin da yake da shi, ba zai iya ƙara ko sisi ba. Sai ki je ki duba bayan firizar ki ga wat nawa take ja, ki tuna cewa lokacin da kwamfiresa ke tashi tana fizgar wuta ninkin abin da aka rubuta, don haka inbata ƙarama ba za ta ɗauka ba. Batir mai bolt 12 da aka rubuta wa 200Ah a lissafi yana riƙe da 2400Wh, amma in irin na ruwa ne rabin wannan kawai ya kamata ki taɓa in ba so kike ya mutu da wuri ba. Sai ki hau rufi ki ga ina rana ke bugawa, ina inuwar tankin maƙwabci ke faɗowa da la'asar, ki yi tunanin ƙurar hunturu da za ta rufe farantan, ki zaɓi kaurin waya don kar ta yi zafi. Duk fiziks ne, amma ga mutum tsaye a gabanki da jarinsa gaba ɗaya a hannunki. Ranar da ya kira ki ya ce ƙanƙara ta kama har asuba, wallahi abin da za ki ji daban ne da cin A1.

Ni a wajena sha'awa daga baya ta zo, bayan na fara ganin amfanin abin a jikin mutane. Shi ya sa ban yarda a ce sai mutum ya mutu a kan abu kafin ya karanta shi ba. Iyayenmu da yawa ba su zaɓi sana'arsu ba amma sun ƙware sun riƙe gida da ita.

Sai dai ki sani injiniyanci shekara 5 ne, lissafi ya fi fiziks yawa a ciki, akwai SIWES da za ki je ki yi wata 6 a ma'aikata, bayan kin fito kuma sai kin yi shekaru kina aiki kafin ki yi rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista. Mata ba su da yawa a ajin amma akwai su, kuma ba dole sai kin hau fol ba, akwai zanen wayarin gini, akwai sadarwa, akwai ɓangaren kwamfuta. Ni dai ina bayan Baba.

Malam_Sani_Fiz:
Injiniya ka faɗi gaskiya a wani ɓangare amma ban yarda da kai duka ba. Akwai waɗanda sha'awar ba ta taɓa zuwa musu, na gan su da idona, suna cin jarrabawa lafiya lau su fito da sakamako mai kyau su ajiye satifiket a akwati, kuma duk tsawon karatun a ƙuntace suka yi shi. Kar mu ce wa yarinya tabbas za ta zo.

Ummi 'yata, ni fiziks na karanta kuma shi nake koyarwa, kuma duk da haka zan ce miki kar ki cike fiziks zalla a halin da kike ciki, ko da ran malaminki zai ɓaci. Dalilina biyu ne. Na farko, abin da ke sa ki ci fiziks a sakandare shi ne saurin gane wace fomula ta dace, wannan baiwa ce amma a jami'a tana ƙarewa tun wajen aji biyu. Daga aji uku za ki haɗu da kwantum da lissafin lantarki da maganaɗisu da kalkulas mai zurfi, inda tambaya ɗaya za ta cinye miki dare ba ki ga ƙarshenta ba, kuma babu abin da ke zaunar da mutum a kan kujera a irin wannan daren sai son sanin amsar. Ƙawar nan taki da kika fi maki, ita ce za ta jure wannan. Na biyu, digirin farko a fiziks shi kaɗai ƙofofinsa a ƙasar nan ba su da yawa, mafi yawanmu koyarwa muke, kuma koyarwa aiki ne mai daraja amma kar wanda ba ya son darasin ya shige ta, don yara suna ganewa. In ana son a ci moriyarsa sai an ƙara digiri na biyu, sau da yawa har na uku. Wuraren suna nan, ga cibiyar CERT a Zariya mai tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004, ga cibiyar binciken makamashi a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo Sakkwato, ga hukumar sararin samaniya NASRDA, ga NiMet masu hasashen yanayi, a waje kuma ga cibiyar binciken fiziks ta ICTP a Italiya wadda Abdus Salam ya kafa a 1964 musamman don masana daga ƙasashe irin namu, ga cibiyoyin kimiyyar lissafi na AIMS a Ghana da Senegal da Kamaru da Ruwanda da Afirka ta Kudu. Amma duk wannan doguwar tafiya ce, shekara goma ko fiye, ba a yin ta don a faranta wa malami.

To amma ga tambayar da nake so ki amsa wa kanki. Kin taɓa haɗuwa da fiziks ɗin kuwa? Makarantu da yawa ba a buɗe ɗakin gwaji sai ana saura mako biyu firaktikal ɗin WAEC, a fito da zare da ɗan ƙarfe a ce ku ƙirga lilo ashirin ku cike tebur, shi ke nan. In irin wannan kika yi to ba fiziks kika ƙi ba, haddar fomula kika ƙi, kuma kina da gaskiya. Ki samu gilashin ƙara girman rubutu ki tsaya a ɗaki mai ɗan duhu, ki riƙe shi tsakanin taga da farar takarda kina matsawa a hankali, za ki ga tagar da bishiyar da ke waje sun fito a kan takardar a kife, da launinsu, har ganye na motsi. Wannan shi ne zanen da kika sha yi da rula a jarrabawa. In kika gani kika ji kina son sanin me ya kifar da shi, mu sake magana. In kika gani kika ce to sai me, kin samu amsarki kuma babu laifi a ciki.

Anti_Hauwa_Rad:
Ummi ƙanwata sannu, na karanta saƙonki har ƙarshe. Maza sun yi nasu bayanin, bari in kawo miki abin da ke gabanki yanzu yanzu, don ina ga an tsallake shi. A JAMB darussa huɗu za ki rubuta, Turanci dole ne, fiziks da kemistiri kusan duk inda kika nufa suna ciki, to na huɗun ne rigimar, lissafi ko bayoloji. In kika ɗauki lissafi kin buɗe ƙofar injiniyanci da fiziks da makamantansu, kin rufe ta likitanci da nas da famasi da irin namu. In kika ɗauki bayoloji akasin haka. Kwas ana iya canzawa bayan sakamako ya fito, amma darussan da kika riga kika rubuta sun rubutu. Saboda haka ki rage wa kanki nauyi, abin da ya zama dole ki yanke kafin rajista shi ne wannan ɗayan, sauran akwai ɗan lokaci.

Ni rediyografi na karanta, mu ne masu ɗaukar hoto a asibiti, hoton ƙirji da na ƙashi da CT da MRI da sikanin. Mutane da yawa ba su san kwas ne mai zaman kansa ba, shekara 5 ne, sai horon shekara ɗaya a asibiti, sai bautar ƙasa, kuma hukumar RRBN ce ke ba mu lasisi. Ana yin sa a BUK da kuma Ɗanfodiyo. A duk fannin lafiya ban san inda fiziks ke amfani kamar nan ba, 'yan ajinmu da yawa shi ne ya wahalar da su, ke kuwa zai zo miki da sauƙi. Amma ba shi ne aikin ba. Aikin shi ne tsohuwa da aka kawo daga ƙauye ƙugunta ya karye, tana tsoron injin tana jin kunyar a buɗe ta, sai kin durƙusa kin kira ta Inna kin lallashe ta, kin gyara mata kwanciya ba tare da kin ƙara mata ciwo ba, kin saita ƙarfin hasken daidai jikinta don kar a maimaita hoton a ƙara mata haske a banza, sannan ki koma bayan garkuwar dalma ki danna. Muna maƙala wani ɗan baji a riga da ke auna hasken da jikinmu ya sha, ana karɓa a duba lokaci lokaci. Kuma ki yarda da ni, matanmu da yawa suna fasa zuwa hoton mama ko sikanin ciki in suka ji namiji ne zai yi, har ciwo ya yi nisa, don haka mace a wannan ɗakin ba ƙaramin abu ba ce.

Ɓangaren wahala kuma ba zan ɓoye miki ba. Akwai kwanan asibiti, akwai 'yan haɗarin mota da tsakar dare da jini da kuka, akwai ranar da za ki ga abu a hoto ki san labarin ba mai daɗi ba ne kuma ba hurumin ki ba ne ki faɗa, sai likita. In ke mai tsoron jini ce ko ba ki da haƙuri da mutane, A1 ba za ta taimake ki ba. Gurbin kuma kaɗan ne masu nema da yawa, sai kin ci maki sosai, kuma C4 ɗin nan na bayoloji na nuna sai kin dage masa.

Shawarata kafin ki cike komai, ki sa Umma ta nema miki wata ma'aikaciya a asibitin garinku ki wuni tare da ita in an ba da izini, sannan Baba ya haɗa ki da wani injiniya ki ga yadda ranarsa ke tafiya daga safe zuwa yamma. Gani ya kori ji.

Ɗan_Maraɗi:
Salamu alaikum, gaisuwa daga Nijar. Ɗiyata Ummi, mu nan ba mu da JAMB, bak muke yi, wato jarrabawar ƙare sakandare, amma matsalar guda ce, yaro in ya iya lissahi da fizik sai a tura shi seri C, ajin 'yan lissahi da fizik, ba a tambaye shi ba. Ina so in ƙara hanya guda wadda ba a ambata ba, ita ce binciken ƙarƙashin ƙasa. Aikina ke nan, kahin a haƙa rijiyar burtsatse mu ne ke zuwa mu kakkafa ƙarahuna huɗu a ƙasa mu tura wuta mu auna yadda ƙasa ke tare ta, muna buɗa tazara muna rubutawa, daga nan mu gane inda dutse yake da inda ruwa ya kwanta da zurhin da za a sauka. Dokar Ohm ce wadda kika sani tun lakkwal, ba wani sihiri. Garuruwa nawa sunka tara kuɗi sunka haƙa a inda babu ruwa saboda ba a yi awon ba. Aikin daji ne da rana, ba kowa ke iyawa ba, amma akwai ɓangaren zama gaban kwamfuta a karanta sakamakon.

Kuma game da zancen Malam da Injiniya, ina ganin akwai abu na ukku bayan iyawa da so, shi ne mutum ya damu da wata matsala ta mutanensa. Jami'armu ta Yamai sunan masanin fizik gare ta, Abdou Moumouni, an haihe shi a Tasawa a 1929 ya rasu a 1991, ya riƙe ofishin makamashin rana na ƙasa shekaru da dama, yana aikin yadda za a dahwa ruwa da abinci a kuma jawo ruwa da zahin rana tun duniya ba ta damu da sola ba. Ki tambayi kanki wace matsala ce ke ci miki rai in kin gan ta, rashin ruwa, ko rashin wuta, ko mata a asibiti, ko wani abu daban.

Ummi_Fta:
Na gode ƙwarai Allah ya saka muku da alheri, wallahi na ji sauƙi. Malam gaskiya ne, ɗakin gwajinmu sai dab da WAEC aka buɗe, kuma zan gwada abin gilashin. Anti ni jini ba ya ba ni tsoro sosai amma warin asibiti na sa ni jiri, ko dubiya muka je ni ce farkon fita, ban sani ba ko ana sabawa. Baba Ɗan Maraɗi tambayarka ta tsaya min a rai, ban da amsa tukuna.

Abin da ban faɗa ba saboda ina ganin ba shi da alaƙa, ni abin da nake yi ba tare da an sa ni ba shi ne zane. Ina zana fasalin ɗinki in yanka wa ƙannena, kuma lokacin da ake ƙara ɗakuna a gidan kawuna ni na zana musu a takardar giraf inda taga za ta kasance don iska ta ratsa, birkila ya bi wani ɓangare. A kan irin wannan ina iya wuni ban ci abinci ba. Amma a gida ana ɗaukarsa wasa ne.

Maryam_Akitek:
Haba ƙanwata, ai da wannan ya kamata ki fara!! Wannan ba wasa ba ne, sana'ata ke nan. Zanen gine-gine, akitekca, kuma Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri ɗin da Baba ke so ki rubuta don injiniyanci su ma suna shigar da ke nan, amma ki duba kundin JAMB na bana ki tabbatar da sharaɗin jami'ar da kike so don wasu na da ƙarin nasu. ABU Zariya na da tsohon sashe mai suna a wannan fannin, kuma a jami'ar akwai sashen ƙirar masana'antu inda ake koyon zanen yadi da tukwane in ɗinkin ne ya fi jan ki. A akitekca fiziks ɗinki zai yi miki aiki kullum ba tare da ya zama shi ne abincinki ba, nauyin da bim zai ɗauka, yadda zafi ke ratsa bango, dalilin da ya sa soron ƙasa mai kaurin bango ke da sanyi da rana shi kuwa ɗakin bulo da kwano ke zama tanda a watan Afrilu, ina za a sa taga a garin da rana ke dukan bangon yamma.

Ki shirya dai, digirin farko shekara 4 ne sai kin ƙara na biyu shekara 2 kafin ki kama hanyar rajista da ARCON, hukumar da ke yi wa masu zanen gini rajista, akwai kwana a situdiyo ana zane, kayan aiki da laftof mai ƙarfi na cin kuɗi, kuma malamai za su yayyaga zanen da kika sha wuya a kansa a gaban kowa. Mutanenmu da yawa har yanzu birkila suke ba wa zane don kar su biya mu, samun aiki na farko sai an yi haƙuri.

Maganar Baba kuma kar ki je masa da cewa ba kya son injiniyanci, zai ji kamar kin watsa masa ƙasa a ido. Ki bi ta wajen kawun nan da kika yi wa zane, shi ya ga aikinki da idonsa, ya je ya same shi ya nuna masa takardar, ya kuma gaya masa darussan JAMB ɗin ba su canza ba, ƙofar lantarkin na nan a buɗe har sakamako ya fito. Takardar giraf ɗin tana nan ko an yar? In tana nan ɗauko ta a hoto ki saka mana a nan in duba, ina so in ga yadda kika yi da ma'auni da kaurin bango.